Farin Rawanin Rana da Hanyar Sigidin

Ranar Laraba 29 ga watan Maris 2006, wajen ƙarfe 11 na safe, an yi husufin rana a ƙasar Kawar. Wata ne ya shiga tsakanin rana da duniya, inuwarsa ta faɗo bisa ƙasa. Inuwar ta taso ta wajen Katsina, ta ratsa Tenere, ta nufi Cadi da Libiya. A Balma rana ta rufe ruf har kusan minti 4. A Sigidin ma, can arewa da Dirku, haske ya dushe.

Waɗanda inuwar ta bi ta kansu sun ga wani abin mamaki. Rana ta zama baƙin faifai, amma ga wani farin haske ya kewaye ta, kamar an naɗa mata rawani. Wannan rawani kullum yana nan. Hasken rana ne ke ɓoye shi, kamar yadda ba a ganin hasken fitila da tsakar rana. Masana suna ce masa korona, watau kambin sarauta. Sunansa ɗaya da cutar nan ta 2020, amma shi ba ya sa kowa tari.

Ba wannan ne karo na farko ba. Ranar 30 ga watan Yuni 1973 an yi wani husufi a jihar Agadas, duhu ya kai minti 7. Masana suka shiga jirgin sama mai suna Concorde, suka bi inuwar wata a guje ta saman Mali da Nijar. Suka yi minti 74 cikin duhu suna auna rawanin, kana suka sauka a Cadi.

Mene ne ya kawo wannan wahala duka?

Rana ba dutse ba ce. Curin iska ce mai tsananin zafi, nisanta da duniya kilomita miliyan 150. Zafin fuskarta ya kai awo 5,500. Hankali zai ce in an yi nisa da wuta zafi ya ragu. To, a rana ba haka ba ne. Rawanin da ke nesa da fuskar ya wuce awo miliyan 1. Har yanzu masana suna binciken dalili.

Cikin rana akwai ƙarfin maganaɗisu, irin wanda ke jan allura. Rana tana juyawa, wannan ƙarfi yana murɗewa kamar igiyar guga da aka yi ta murzawa. In murɗin ya yi yawa sai ya tsinke. Nan take wuri ya yi walƙiya. Wani lokaci kuma wani babban yanki na rawanin ya ɓalle, ya taso kamar guguwa. Walƙiyar tana iso duniya cikin minti 8. Guguwar kuwa takan yi kwana 1 zuwa 3 a hanya.

Kada hankalin kowa ya tashi. Duniya tana da garkuwa biyu: nata maganaɗisun, da iskar da ke lulluɓe da ita. Guguwar rana ba ta ƙona mutum ko raƙumi. Ba ta ɓata dabino, ba ta taɓa gishiri. Ba ita ce ke kawo zafin bazara ba. Abin da take taɓawa shi ne na'ura.

A nan ne maganar ta shafi Sigidin. Garin yana bakin mararraba. Hanya ɗaya ta tafi Jado, ɗaya ta bi Madama zuwa Libiya, ɗaya ta gangara Dirku da Balma. Dā madugu ne ke gaban ayari, yana duban taurari da duwatsu da kwanciyar rairayi. Yanzu direbobi da yawa sun dogara ga GPS, ƙaramar na'ura mai nuna wa mutum inda yake, da kuma tarho irin Thuraya. Dukansu biyu da taurarin ɗan'adam suke magana, watau na'urorin da aka harba sama suna kewaya duniya.

Saƙon da ke saukowa daga waɗannan taurari sai ya ratsa wani rufin iska can sama ƙwarai. In guguwar rana ta iso, rufin yakan rikice kamar ruwan tafki da shanu suka shiga. Sai saƙo ya makara, ko ya yanke. GPS ya nuna wuri da kuskure, ko ya yi shiru na wani lokaci. Galibi kuskuren ba ya da yawa, kuma ba ya daɗewa. Amma a Tenere bakin rijiya ƙarami ne. Wanda ya ci gaba da gudu babu alama, mai da ruwansa ne ke ƙarewa. Direba mai hankali yakan tsaya ya jira na'ura ta dawo daidai. Yakan ɗauki ruwa fiye da na kwanakin tafiya, ya tafi da wanda ya san hanya da ido.

Mai rediyo ma abin yana shafarsa. Muryar gajeren zango tana dukan wancan rufi ne ta dawo ƙasa, shi ya sa ake jin tashoshin nesa. In rana ta yi walƙiya mai ƙarfi, sai murya ta ɓace da rana tsaka, minti kaɗan ko awa guda. Ba batir ba ne ya mutu. Kada a yi saurin kwance rediyo.

A wasu ƙasashe ɓarnar ta fi haka. Ranar 13 ga Maris 1989 guguwar rana ta kashe wutar lantarki a jihar Kebek ta Kanada, mutum miliyan 6 suka zauna babu wuta har awa 9. A watan Mayu 2024 wata ta rikita GPS na motocin noma a Amurka, ana tsakiyar shuka, manoma da yawa suka dakata.

Rana tana da lokacin fushi da lokacin sanyi. Kusan kowace shekara 11 fushin yakan kai ƙarshe, kamar yadda ya yi a 2024. Saboda haka masana ba sa jiran husufi. Kumbon SOHO, da aka harba a 1995, yana da ɗan faifai mai rufe fuskar rana don a ga rawanin kullum. In guguwa ta taso, sai a gargaɗi masu jiragen sama da masu lantarki tun ba ta iso ba. Wani kumbo mai suna Parker ya shiga cikin rawanin kansa. A watan Disamba 2024 tsakaninsa da fuskar rana bai fi kilomita miliyan 6 da ɗoriya ba.

Masana sun lissafa husufin ranar 2 ga Agusta 2027. Inuwarsa ta Libiya da Masar ce. A Kawar wata ba zai rufe rana duka ba, saboda haka ba za a ga rawani ba. Duban rana da ido a irin wannan lokaci yana makantarwa, ko da baƙin tabarau. A huda takarda da allura, a juya wa rana baya, a bar haske ya bi ta hudar ya faɗi bisa farin zane. Nan ake ganin inda wata ya ci.