Darasi: Girgizar Birki Bayan Gyaran Shaf

Wani lokaci mukan karɓo mota daga gareji bayan an canja mata shaf, sai mu ji tana girgiza ko ƙara. Kada mu yi saurin sayen sabon kaya, mu fara lura tukuna. In girgizar tana zuwa sa'ad da muka taka totur, mu zargi shaf ɗin. In kuwa sai mun taka birki, mu duba wuraren da makanike ya taɓa: notin taya da ba a ɗaure daidai ba, babban notin shaf da ya yi sako-sako, ko tsatsa a bayan faifan birki. Ƙarar gugar ƙarfe kuma, galibi farantin da ke kare faifan ne ya lanƙwashe. Mu mayar a gyara kafin mu ɗauki fasinja.