Neman Tsofaffin Kayan Yaƙi Da Na'urar Gano Ƙarfe: Yadda Take Aiki Da Iyakar Abin Da Wayarka Za Ta Iya

Duk mai yawan leƙa YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: Bature a cikin gona ko daji, riƙe da sanda mai faranti a ƙasanta, yana shara da ita hagu da dama. Can sai ta yi ƙara, ya durƙusa ya tona, ya zaro hular kwano ta soja da tsatsa ta cinye, ko bananti, ko kwanson harsashi da ya shekara ɗari a binne. Daga nan in ka shiga Play Store sai ka tarar da manhajoji birjik, kowacce na cika bakin za ta mayar da wayarka irin waccan na'ura. A darasinmu na yau za mu duba yadda na'urar gaskiyar take aiki, abin da waya ke iyawa, da kuma abin da masu waɗancan bidiyoyi ba sa nuna maka.

Me ke faruwa a cikin farantin?

Farantin nan ba komai ba ne illa wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe aka rufe da roba. A yawancin na'urori naɗin biyu ne. Na farko batir ke tura masa wutar da ke kai da komowa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, sai ya haifar da ƙarfin maganaɗisu mai ratsa ƙasa. Idan wannan ƙarfi ya riski wani ƙarfe, sai wata 'yar wuta ta fara zagayawa a jikin ƙarfen, ita ma ta haifar da nata maganaɗisun mai rauni. Naɗi na biyu shi ne kunnen na'urar: shi ke jin wannan amsa, ya miƙa wa ƙwaƙwalwar, ita kuma ta mayar da ita ƙara.

Amsar ba ta dawowa nan take, tana ɗan jinkiri, kuma jinkirin ya bambanta daga ƙarfe zuwa ƙarfe. Azurfa da jan ƙarfe suna da nasu, dalma da nata, baƙin ƙarfe da nasa. Da wannan ne na'urar ke yin hasashe, ta nuna maka lamba a allo, sau da yawa tsakanin 0 da 99. Ƙusa da sauran baƙin ƙarfe suna can ƙasa, azurfa na can sama. Ka riƙe kalmar nan ta hasashe. Girman abu, zurfinsa, tsatsarsa da yadda ya kwanta duk suna canza lambar, shi ya sa marfin kwalba ke iya zuwa da lambar zoben zinare.

Wannan nau'i ana ce masa VLF, yana aiki ne a tsakanin kilohaz 3 zuwa 30, kuma shi ne mafi yawa a hannun masu neman kayan yaƙi saboda yana bambance ƙarafa. Akwai nau'i na biyu, PI, wanda ke harba wuta a taƙaice ya yanke, sannan ya saurari yadda amsar ke dusashewa. Ya fi nitso, kuma ƙasa mai yawan ma'adinai ba ta cika rikita shi ba, amma ba gwani ba ne wajen tantancewa. Irinsa ne da yawa daga cikin na'urorin Minelab da 'yan uwanmu suka riƙa ɗauka zuwa Djado a Nijar tun daga 2014, da wuraren haƙar zinare na Sudan.

Batun zurfi kuwa, kada talla ta ruɗe ka. Abu mai girman kwabo, na'ura mai kyau tana jin sa ne a kamar santimita 20 zuwa 30. Babban abu kamar hular kwano ana iya ji daga ƙasa da haka. Amma duk wanda ya ce maka na'urar hannu za ta nuna maka hoton maɓalli a zurfin gaba biyar, kuɗinka yake so.

Abin sha'awa, na'urar ita kanta da harsashi da nakiya ta tashi. A 1881 Alexander Graham Bell, mai tarho, ya haɗa wata don neman harsashin da ke jikin shugaban Amurka James Garfield, bai kuma same shi ba. A 1941 wani hafsan sojan Polan mai suna Józef Kosacki ya ƙera ta neman nakiyar da ake binnewa, sojojin Birtaniya suka yi amfani da ɗaruruwanta a yaƙin El Alamein a Masar a 1942. Bayan yaƙin aka riƙa sayar da ragowar ga farar hula, daga nan harkar ta zama abin sha'awa.

To wayar fa?

Wayarka ba ta da farantin da ke tura komai cikin ƙasa. Abin da take da shi wani ɗan ƙanƙanin ma'auni ne, magnetomita, wanda aka sa domin kamfas da taswira, shi ne ma manhajar alƙibla ke dogara da shi. Aikinsa auna ƙarfin maganaɗisun duniya, wanda yake tsakanin mikrotesla 25 zuwa 65 gwargwadon inda kake. Idan ka kusanto da baƙin ƙarfe, lambar sai ta motsa, manhajar ta yi ƙara. Iyakar sirrin ke nan. Wasu ƙananan wayoyin ma ba su da ma'aunin kwata-kwata. In kamfas ba ya juyawa a wayarka, kada ka ɓata datarka.

Gwada da kanka. Buɗe manhajar, ka kusanto da ƙusa ko wuƙa bayan wayar, za ka ga lamba ta haura. Sai ka kawo gwangwanin lemo na alminiyam, ko guntun wayar jan ƙarfe, ko dalma. Shiru za ka ji. Sannan ka koma kan ƙusar ka riƙa janye ta a hankali: kafin ka kai tsawon tafin hannu, lambar ta koma inda take.

Nan gizo ke saƙar, domin mafi yawan abin da mai binciken fagen fama ke nema ba baƙin ƙarfe ba ne. Kwanson harsashi tagulla ne, tsohon harsashi dalma ne, maɓallan kaki da bajo galibi tagulla ne. Waya ba ta ganin ko ɗaya. Amfaninta na gaskiya a wannan harka wani ne daban, kuma ya fi girma: ɗaukar hoton abu a inda yake kwance, da rubuta lambobin GPS na wurin.

Me ya sa wurin ya fi abin daraja?

A ranar 25 ga Yunin 1876 mayaƙan ƙabilun Lakota da Cheyenne suka hallaka George Custer da sojoji sama da 200 da ke tare da shi a gefen kogin Little Bighorn, a jihar Montana ta yanzu a Amurka. Babu sojan da ya tsira daga cikin waɗanda ke tare da Custer a wurin, saboda haka aka shafe shekara ɗari ana gardamar yadda faɗan ya gudana. A 1983 gobara ta cinye ciyawar filin. A 1984 da 1985 masana kayan tarihi, cikinsu har da Douglas Scott da Richard Fox, suka gayyato masu na'urar gano ƙarfe, suka jera su sahu suna tafiya a hankali. Duk inda na'ura ta yi ƙara sai a kafa 'yar tuta, a tona a hankali, a auna wurin a sa a taswira kafin a ɗaga abin.

Sai aka kai kwansunan ɗakin bincike irin na 'yan sanda. Kowace bindiga tana barin nata tabo a gindin kwanso, kamar zanen yatsa. Da haka aka iya cewa bindiga kaza ta yi harbi a wannan tudu, sannan ta sake yi a wancan kwari, wato aka bi sawun mutum ɗaya a cikin faɗan da aka yi shekara 108 baya. An kuma tabbatar cewa mayaƙan ƙabilun suna da bindigogi masu jeren harsasai irin su Henry da Winchester da yawa, alhali sojojin Custer nasu sai an ɗura ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ka ɗauka wani ya riga su, ya kwashe kwansunan nan ya zuba a kwali ya sayar. Kwanson na nan, amma labarin ya tafi har abada. A ganina wannan ne babban laifin yawancin bidiyoyin da muke kallo: a zaro abu, a goge shi a wando, a nuna wa kyamara, a jefa a jaka. Abin ya fi muni idan akwai gawa a wurin. A filayen Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu har yau ana tono ƙasusuwan sojoji, kuma 'yar tambarin suna ko bajon da ke jikinsu shi ne sau da yawa hanya ɗaya ta sanin ko su waye. Wanda ya cire ya tafi da shi ya raba mamaci da sunansa.

Girbin ƙarfe

Akwai kuma abin da na'ura ba za ta taɓa faɗa maka ba: ko abin da ta ji yana da rai. A arewacin Faransa da yammacin Beljiyam, wuraren Somme, Verdun da Ypres, an harba harsasan igwa bila adadin tsakanin 1914 da 1918, kuma kaso mai yawa ba su fashe ba, sun nutse a laka kawai. Har yau duk shekara garmar manoma na tono su, abin da mutanen wurin ke kira girbin ƙarfe. A Beljiyam manomi kan ajiye su a bakin gona, rundunar kwance bama-bamai ta soja mai suna DOVO ta zo ta kwashe, kuma abin da take tarawa a shekara ya haura tan ɗari. Wasu akwai iskar guba a cikinsu, sai an kai su wata cibiya ta musamman a Poelkapelle. A watan Maris na 2014 ɗaya ya tashi da ma'aikatan gini a Ypres, mutum biyu suka mutu, shekara ɗari da fara yaƙin.

Mutane na ɗauka tsatsa ta kashe bam. Akasin haka ne. Jikin ne ke ruɓewa, maganin da ke ciki yana nan, wani ma ƙara saurin tashi yake yi idan ya daɗe yana cuɗanya da ƙarfe. A allon na'ura kuwa gurneti da gwangwanin abincin soja kusan lamba ɗaya suke bayarwa.

Shi ya sa doka ta tsaya a kan harkar. A Faransa tun 1989 ba a neman kayan tarihi da na'ura sai da izinin hukuma. A yankin Flanders na Beljiyam sai ka yi rajista, kuma ba ka wuce santimita 30 a tono. A Ingila ana yi da izinin mai gona, ban da wuraren tarihi masu kariya, kuma dokar 1986 ta hana taɓa ɓaraguzan jirgin yaƙi ba lasisi. A Amurka filayen yaƙi da ke hannun gwamnatin tarayya haramun ne, Little Bighorn na ciki.

A nan gida fa?

Muna da namu filayen. An gwabza a Burmi a 1903 da Satiru a 1906. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Najeriya, da yawansu Hausawa, sun yaƙi Jamusawa a Garwa da kuma dutsen Mora a arewacin Kamaru, inda aka yi wa Jamusawan ƙawanya daga 1914 har Fabrairun 1916. Irin aikin da aka yi a Montana zai iya faɗa mana abubuwa da yawa game da waɗannan wurare, in masana ne suka ja gaba. A Najeriya dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tonon kayan tarihi ba tare da izininta ba.

Sai dai abin da ya fi kusa da mu ba na shekara ɗari ba ne. A Borno, Yobe, Adamawa da yankin Diffa akwai nakiyoyi da ragowar makaman rikicin Boko Haram a gonaki da kufai, kuma 'yan gwangwan da yara masu tsintar ƙarfe suna cikin waɗanda suka fi rasa rayuka da gaɓoɓi a kansu. Idan ka ga wani ƙarfe mai kama da kwalba, ko mai fikafikai a wutsiya, ko mai waya a jiki, kada ka taɓa, kada ka buga, kada ka jefa a wuta, kada kuma ka kanga masa waya don gwada manhaja. Ka koma ta sawun da ka zo. Sai ka yi nisa sosai sannan ka ciro wayar, ka lura da wata alama ta wurin kamar bishiya ko suri, ka hana yara zuwa, ka sanar da mai unguwa da sojoji ko 'yan sanda mafi kusa, su kira sashen kwance bama-bamai.