Yadda Ake Daidaita Lasisi da Manhajar Sadarwa ta Allon Sarrafa Inji

Allon sarrafa inji, wanda injiniyoyi ke kira HMI, shi ne fuskar da ma'aikaci ke dubawa ya ga zafin tanda ko cikar tanki, ya kuma taɓa ya tayar da famfo. Allon ba shi ke tuƙa inji ba. Mai tuƙin ita ce ƙwaƙwalwar da ke cikin akwatin lantarki, wato PLC, shi kuwa allo tambayarta yake yi, yana kai mata saƙon ma'aikaci. A Peckham da kewayenta, a kudu maso gabashin Landan, ana cin karo da irin wannan tsari tun daga injin gidan burodi ko na ɗure kaya a leda, har zuwa manyan wurare irin masana'antar tace shara da kamfanin Veolia ke gudanarwa a madadin ƙaramar hukumar Southwark a gefen titin Old Kent tun 2012. Allo yana iya zama lafiyarsa ƙalau amma ya ƙi aiki, ko dai don babu lasisi, ko don babu manhajar da za ta haɗa shi magana da PLC.

Matakin farko shi ne sanin abin da ke ƙasa. Ƙwararren mai aikin lantarki ya katse wuta, ya buɗe akwatin, a ɗauki hoton lambar samfur da ke jikin PLC da ta bayan allo. A rubuta sigar manhajar cikinsu, a kuma duba bakin waya: na Ethernet ne, ko mai tsinke 9 na RS-232, ko RS-485. Kada a biya ko kwabo kafin wannan takarda ta cika.

Mataki na biyu shi ne sadarwa, kuma ita ta kamata ta riga lasisi, domin yaren PLC ne ke nuna abin da za a saya. Na'urorin Siemens irin S7-1200 da S7-1500 suna amsa kiran allo ta ƙofa mai lamba 102. Na Allen-Bradley, na kamfanin Rockwell, suna jin EtherNet/IP ta ƙofa 44818. Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fitar a 1979, shi ne yaren kasuwa da kusan kowace na'ura ke ji, ƙofarsa 502. Idan allo da PLC 'yan gida ɗaya ne, aikin da sauƙi, manhajar sadarwar tana zuwa tare da ta zanen shafukan allo: FactoryTalk Linx, wadda a da ake kira RSLinx Enterprise, tana cikin kunshin FactoryTalk View na Rockwell. Wahala tana tasowa ne idan an gauraya. Allon wani kamfani da za a haɗa da S7-1200 ta tsohuwar hanya ba zai ga komai ba sai an shiga shirin PLC an ba da izinin PUT/GET, an kuma cire tsarin da ke sake jera bayanai a tubalan ajiya. Maɓalli biyu ne kawai, amma mutane da yawa sun yi yini suna zargin waya a kansu.

Inda yaruka suka yi yawa, sai a nemi tafinta, wato OPC. Nan akwai tarko. RSLinx Classic Lite ta Rockwell kyauta ce, tana ba da damar shiga PLC a yi gyara, amma ba ta miƙa bayanai ta OPC, sai an sayi siga mai lasisi. KEPServerEX kuma tana aiki awa 2 ba lasisi, sannan ta tsaya, kuma kuɗinta ya danganta da yarukan da aka zaɓa. Ga sabon aiki a ɗauki OPC UA, mai bin ƙofa 4840 da takardun shaida na tsaro. Tsohuwar OPC DA ta dogara da DCOM na Windows, wanda Microsoft ya tsaurara dokarsa ba tare da damar komawa baya ba tun Maris 2023, abin da ya katse haɗin tsofaffin kwamfutoci da dama.

Mataki na uku: a bambance lasisin zane da na gudanarwa. Na zane na kwamfutar injiniya ne, wadda ake tsara shafuka a kanta. Na gudanarwa na na'urar da ma'aikaci ke taɓawa ne. Allon da aka ƙera musamman don masana'anta, kamar PanelView Plus na Rockwell ko Comfort Panel na Siemens, yana zuwa da izinin gudanarwarsa, amma kwamfuta ta gama-gari da aka mayar allo sai an saya mata. Shi ma na zane hawa-hawa ne: WinCC Basic ta Siemens ba ta tsara Comfort Panel, sai WinCC Comfort ko abin da ya fi ta.

Mataki na huɗu shi ne ƙidaya, don kowane kamfani da mudunsa. Siemens yana auna WinCC Runtime Advanced da yawan tag, wato kowane bayani guda da allo ke karɓa daga PLC ko yake aika mata: 128, 512, 2048, haka har sama. Bayanan da ke zaune cikin allo kaɗai ba sa shiga lissafi. A ce layin aiki yana da famfo da fanka da bel guda 30, kowanne da bayani 5: tashi, tsayawa, yana gudu, ya lalace, awannin aiki. An kai 150 ke nan, tun ba a taɓa zafi da nauyi ba, saboda haka 128 ta gaza. Rockwell shi da yawan shafuka yake auna lasisin FactoryTalk View na kwamfuta. Ignition ta kamfanin Inductive Automation kuwa uwar garke ake saya wa lasisi, tag da masu kallo ba iyaka. A bar sarari, domin inji ba ya shekara ba a ƙara masa wani abu ba.

Mataki na biyar shi ne saye da kunnawa, kuma a nan masu ƙananan masana'antu suka fi cutuwa. A tabbata an rubuta lasisin da sunan mai masana'anta, ba da sunan ɗan kwangilar da ya zo ya girka ba. Ɗan kwangila yana iya rufe shago ko ya bar gari. Makullin Siemens yana zuwa a filas ko ta intanet, ana tura shi cikin kwamfuta da Automation License Manager, kuma dole a mayar da shi kan filas kafin a goge kwamfutar. Na Rockwell ana ɗaure shi ta FactoryTalk Activation Manager ga lambar katin sadarwa, ko ta faifan ajiya, ko ɗan makullin USB, kuma manhajar tana ɗaga ƙafa na kwana 7 kacal idan ba ta gan shi ba. Wanda zai sauya kwamfuta ya saki lasisin daga tsohuwar tukuna. Manhajar da aka fasa kuwa a guje ta: ta saɓa wa dokar haƙƙin mallaka ta Birtaniya ta 1988, tana kuma shigo da ƙwayar cuta cikin injin da mutane ke tsaye a gabansa.

Mataki na shida gajere ne. A duba jadawalin kamfani a ga wace sigar Windows manhajar ta yarda da ita, tunda Microsoft ya janye tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba 2025. A raba layin inji da na ofis, a buɗe ƙofofin da aka ambata kaɗai a katangar tsaro. Maɓallin tsayar da inji na gaggawa ya zama jan maɓalli na gaske mai wayarsa, kada a dogara da hoto a kan gilashi.

Na ƙarshe shi ne gwaji da karɓar aiki. A zare wayar sadarwa ana kallo: allo ya kamata ya nuna haɗi ya yanke, ba ya ci gaba da nuna tsohuwar lamba kamar komai lafiya ba. A kashe wuta a kunna, a ga lasisi yana nan. Sannan a karɓi asalin fayil ɗin zane, kamar mai ƙarewa da .apa a FactoryTalk View ME, domin na .mer da ke cikin allo ana iya kulle shi yadda ba zai buɗu don gyara ba. Wannan ya fi shafar masu sayen tsofaffin injuna a Ingila su ba masu jigilar kaya na Peckham su kai Najeriya. Injin da ya isa Sharaɗa ko Challawa ko Bompai a Kano ba fayil ɗin zane, ba kalmar sirri, ba takardar lasisi, ranar da allonsa ya mutu sai an sake zana komai daga tushe. A haɗa kwafin fayil ɗin, da takardar lasisi, da hotunan matakin farko a jaka ɗaya, a liƙa kwafi ɗaya cikin ƙofar akwatin lantarki, ɗaya kuma a adana shi a ofis.