Taɓon hanya da ɗakin haya

Ɗana, na ji ka sayi keken nan mai ƙosassun tayoyi da giya, wanda samarin Marwa ke kira VTT, na kuma taya ka murna. Wanda ke zaune a Dugoi, in yana da keke mai lafiya, ya huta da biyan ɗan acaɓa safe da yamma, ya tafi makaranta ko kasuwa a lokacin da ya ga dama. Sai dai ka saye shi damina na kankama, kai kuwa ɗaki ɗaya kake haya a saman bene. Famfo ɗaya kuke sha da sauran mutanen gidan, matakala ɗaya kuke hawa, ruwan wankanku duka bututu ɗaya yake bi ya fita. Shi ya sa na ga gara in yi maka magana tun ruwan Agusta bai sauka ba, don wankin keke a irin wannan gida ba tsakaninka da keken kaɗai ba ne. Maƙwabtanka na ciki, ko sun sani ko ba su sani ba.

Irin wannan keke a Kalifoniya ta Amurka aka faro shi cikin shekarun 1970, wajen samarin da ke gangarowa daga tsaunuka a kan tsofaffin kekuna da suka gyara da hannunsu. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper kasuwa, daga nan abin ya bazu duniya. An yi wa tayarsa haƙora don ta kama ƙasa, kuma haƙoran da ke kama ƙasa su ne ke ɗauko ta su biyo ka da ita gida. Raleigh da Phoenix da muka hau a zamaninmu suna da madigadi gaba da baya, sarƙarsu kuma a rufe take. Naka ba shi da ko ɗaya, komai nasa a fili yake, don haka hidimarsa ta fi tasu yawa.

Abu na farko, ka san taɓon Marwa iri biyu ne, kuma ba magani ɗaya ake yi musu ba. Akwai na rairayi, wanda za ka kwaso in ka ratsa Mayo Kaliao ko Mayo Tsanaga bayan ruwan da ya gangaro daga duwatsun Mandara ya janye, ko a lungunan unguwa da ba kwalta. Wannan ba ya manne wa ƙarfe sosai. In ya bushe, buroshi ma ya ishe shi. Muguntarsa a ɓoye take: yana shiga tsakanin gaɓoɓin sarƙa ya cakuɗe da mai, sai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, kowane juyin feda yana cin ƙarfen kaɗan-kaɗan. Na biyu shi ne baƙar lakar karal, wadda ake dasa masakwa a kanta in damina ta ɗauke. Da ka fita gari ta hanyar Bogo ka sauka daga kwalta, za ka same ta. Da rani tsagewa take yi har ƙafar akuya ta faɗa, da damina kuwa ta sha ruwa ta kumbura ta yi danƙo. Ita ce ke cika tsakanin taya da jikin keke har tayar ta ƙi juyawa, mutum ya sauka ya saɓa keken a kafaɗa. In ka bar ta ta kwana ta bushe a jikinsa, sai ka jiƙa ta ka jira kafin ta saki.

To, rabin wankin a hanya ake yin sa, tun ba ka ga ƙofar gida ba. Ka riƙa tafiya da ɗan guntun ice mai faɗin baki, tsawon taƙi ɗaya, ka ɗaure shi a ƙarƙashin sirdi. Da ka fito daga taɓo ka hau busasshen wuri, tsaya. Ka fara da inda tayar baya ke wucewa tsakanin ƙarafa biyu a bayan feda, nan laka ke taruwa dunƙule guda. Ka sa icen ka ture ta, za ka ji ta faɗo tim. Sai wajen birki, sai ƙarƙashin kan keke inda tayar gaba ke shiga. Ka durƙusa ka dubi 'yan ƙananan ƙafafun nan biyu da sarƙa ke zagayawa a jikin abin canjin giya na baya, za ka tarar laka da ciyawa sun naɗe su. Ka dafa bakin icen a gefensu, ka juya feda baya a hankali, dattin zai fito yana naɗewa. Kada ka yi amfani da ƙusa ko wuƙa, suna kankare fenti, inda fenti ya tashi kuwa nan tsatsa ke kama ƙarfe. Ka ɗaga keken ka dire shi sau biyu ko uku, sannan ka hau ka yi ɗan gudu a kwalta, abin da ya rage a haƙoran taya zai watse da kansa. Aikin minti biyar ne, amma abin da ka bari a can ya fi wanda za ka wanke a gida nauyi.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Kada ka shigar da keke banɗaki ka wanke shi, komai daren da ka yi, komai gajiyar da ka kwaso. Na san zuciya za ta ce maka ai ga ruwa ga siminti, ba mai ganinka. A ƙarƙashin ramin da ruwan wanka ke bi akwai wani lanƙwasa da aka yi don ya riƙe ruwa ya tare wari. Sabulu yana wucewa ta nan, laka ba ta wucewa. Kwanciya take yi, gashi da zare su hau kanta, gobe wata ta ƙaru, har ranar da bututun zai toshe. Kuma sau da yawa ba a ɗakinka ruwan zai taso ba, a ɗakin wanda ke ƙasa da kai zai taso, mutumin da ko hawa keke bai taɓa yi ba. Shi zai kwana kwasar ruwan datti, matarsa ta ɗaga tabarma da kayan yara, a kira mai gyaran famfo a ce kowa ya kawo kuɗi. Ko ba wanda ya gano daga ina lakar ta fito, Allah ya gani, kuma ka san matsayin haƙƙin maƙwabci a addininmu ba sai na tuna maka ba.

Haka bakin famfon gida. Wuri ne na ɗibar ruwan sha da wanke-wanke da alwala. Kai ma ka ga yadda ake jera bokitai da jarkoki ranar da ruwa ya zo bayan ya ɗauke. Wanda ya tsaya da keke a wurin a irin wannan lokaci, ko ba a ce masa komai ba, an ce a zuci. Ka je wajen mai gidan, ko dattijon da ya fi kowa daɗewa a gidan, ka gaishe shi ka ce, “Baba, ina ne zan riƙa wanke keke inda ba zan takura wa kowa ba?” Wannan tambayar kaɗai za ta saya maka mutunci. Galibi za a nuna maka gindin bishiya a waje ko wani gefe na fili mai ƙasa, inda ruwa zai nutse. Ka zaɓi hantsi, bayan mata sun gama ɗiba, rana kuma ta fito da za ta busar maka.

Bokiti ɗaya na lita 10 ya isa, in ka iya. Ka nemi buta ta daban wadda ba ta alwala ba, ko gorar roba ka huda murfinta da allura mai zafi wuri huɗu ko biyar, in ka matsa ta ruwa ya fito siriri. Sai soso, tsohon buroshin haƙori, da tsumma biyu, ɗaya na jiki ɗaya na sarƙa, kada su taɓa haɗuwa. Ka fara yayyafa wa keken ruwa ka bar shi ya jiƙa, kada ka hau gurza busasshiyar laka da soso, yashin cikinta zai zazzana fentin. Ka zuba sabulu kaɗan a rabin ruwan, ka wanke daga sama zuwa ƙasa: sirdi, kan keke, jiki, sannan tayoyi. In naka mai sakin taya da hannu ne, ciro su ka wanke a kwance, ya fi sauƙi. Ka bi bakin wili inda robar birki ke kamawa, ka kuma dubi robar kanta, ƙananan tsakuwa kan nutse a cikinta su riƙa cin wilin duk sanda ka ja birki. Ka cire su da tsinke. Ka ɗauraye da sauran ruwan, ka goge da busasshen tsumma, ka jingina shi a rana.

Za ka ga abokanka suna kai nasu wajen masu wankin babur, a sa musu injin feshi, cikin ɗan lokaci ya fito yana ƙyalli. Ban hana ka ba in laka ta yi yawa, yaran nan ma neman halaliyarsu suke yi. Amma ka tsaya a kansa. Ruwan injin yana da ƙarfin da zai keta robar da ke tsare boris, ya kori giris ya zauna a madadinsa. Ba ranar za ka gane ba, sai bayan wasu makonni ka ji feda na ƙara, ko kan keke na cijewa. Ka ce wa mai wankin ya ja baya, ya fesa tayoyi da jiki kawai, ya kauce wa cibiyar ƙafafun, da gindin feda, da wuyan keke, da kuma sandunan gaba masu lotsawa.

Sarƙa kuwa ita ce ran keken. Ka goge ta da tsummanta tana juyawa, ka bi haƙoran baya da buroshin haƙori. In ta yi baƙi ƙirin, ɗan kananzir a murfin gwangwani ya isa, a waje, ba a ɗaki ba. Fetur ɗin kwalba da ake sayarwa a bakin titi, zuwa-zuwa, kada ka kusantar da shi. Yana lalata roba, tururinsa kuma yana bin ƙasa ya tarar da wuta a inda take, gidan haya kuwa ba ya rasa mai murhun gawayi a ƙofar ɗaki. In sarƙar ta bushe, ka ɗiga mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda, ka bar shi ya shiga, sannan ka goge na waje tas. Man da ke aiki yana ciki, wanda ke waje yashi kawai yake kira. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda ake ba mutum kyauta a gareji, ka bar musu abinsu, garin ƙarfe ne a cikinsa, kuma shi ne ke ɓata wando da bangon mutane. In ba ka sami man sarƙa ba, sabon man inji kaɗan ya fi. In birkinka mai faifai ne, ko yatsa mai maiƙo kada ya taɓa faifan, don birkin da ya sha mai kuka yake yi ba ya kamawa.

Akwai awon da za ka iya yi da kanka. Tsakanin ƙusa da ƙusa a sabuwar sarƙa rabin inci ne, wato in ka fara daga tsakiyar ƙusa ɗaya ka ƙirga gaɓa 24, za ka sami inci 12 cif. Ka aza rula ta ƙarfe. In ta zarce da milimita ɗaya da rabi, sarƙar ta gaji, canza ta. In ka bari ta kai milimita 3, ta riga ta cinye haƙoran baya, sai ka sayi duka biyun.

Ruwan da ya rage a bokiti ma amana ne. Kada ka watsa shi a hanyar da mutane ke bi, kada kuma ka bar shi ya kwanta a wani rami, watannin nan su ne na sauro da zazzaɓin cizonsa, yaran gidan ne kuma za su fara kwanciya. Ka bar bokitin ya natsu, ka tsiyaye na sama a gindin darbejiya, Marwa ba ta rasa ta a kowane layi. Lakar da ta kwanta a ƙasa ka kai ta wani rami a titi ka cike. Wanda ya haɗu da kananzir ko mai kuwa ba na bishiya ba ne ba na kwata ba, ka tara shi a kwalba ka kai wa mai gyara, yana wanke ƙarafa da shi.

Wata rana ruwa zai kama ka a hanya, ka iso bayan isha'i jiƙe sharkaf, ba halin wanki. Ka tanadi tsohon buhu biyu don wannan ranar. Ka kankare abin da ya samu a ƙofar gida, ka saɓa keken a kafaɗa, tayar baya nesa da bango, ka hau da shi. Kada ka gangara shi a matakala, sawun taya mai laka a kan siminti santsi ne, da asuba kuma akwai tsohon da zai sauko masallaci cikin duhu in an ɗauke wuta. In wani abu ya zuba, ka dawo da tsumma a daren, kada ka bar wa matar da ke shara da safe. A ɗaki ka shimfiɗa buhun ka ɗora shi, ka goge sarƙar ko da ba ka taɓa sauran ba, don ita kwana ɗaya cikin laima ya isa ta yi ja. Kada ka bar shi a baranda ko a zaure yana tare hanya, yara za su taɓa shi ya faɗo musu, ɓarawo ma ido gare shi. In kana son kafa ƙugiya a bango ka rataye shi, ka nemi izinin mai gida tukuna.

In Allah ya kai mu Oktoba ruwa ya ɗauke, ka kai shi wajen mai gyaran keke ya buɗe cibiyoyin ƙafafu da gindin feda da wuya, ya wanke boris ya sa sabon giris, ya duba wayoyin birki da na giya ko tsatsa ta kama su. Ka zauna kusa da shi ka ga yadda yake yi, ka tambaye shi abin da ba ka gane ba. Daga nan sai ƙurar hunturu, ita kuma ba ta son ruwa ko mai da yawa, busasshen tsumma kowace yamma ya wadatar. Ka gaishe mini da mutanen gidan, Allah ya tsare hanya.