Darasi: Mene Ne Karatun Bayoloji a Jami'a?

Jama'a, sau da yawa yaro yakan nemi karatun likita a jami'a, sai a ba shi Bayoloji. Uba ya ji ransa ya ɓaci, yana ganin an yi asarar kuɗin makaranta. To, bari mu san wannan karatu tukuna.

Bayoloji shi ne ilimin halittu masu rai: mutum, dabba, tsiro, ƙwaro, har da ƙananan halittun da ido ba ya gani sai da madubi na musamman. Ɗalibi yana koyon yadda suke ci, yadda suke haihuwa, da yadda wani yake cutar da wani.

Dattawanmu ba su manta da kurkunu ba. Yakan kwantar da magidanci da damina, gona tana jiran noma. Da can wasu suna cewa sammu ne. Masana halittu suka gano cewa 'ya'yan tsutsar suna ɓoye a cikin wasu ƙananan ƙwari na ruwan kududdufi. Mutum ya sha ruwan, bayan kamar shekara guda tsutsa ta ɓullo masa a ƙafa. Da wannan sani aka koya wa mutane tace ruwa da ƙyalle, aka haƙa rijiyoyin burtsatse. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa cutar ta ƙare a ƙasar nan.

Haka kuma wuta-wuta mai cinye gero da dawa. Irinta yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10, yana jiran saiwar hatsi. Masu irin wannan ilimi ne suke binciken ta a wurare kamar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Yaya ake shiga? Tun daga babbar sakandare ake ɗaura niyya. Yaro ko yarinya su shiga ajin kimiyya. A jarrabawar WAEC ko NECO ana son kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks. Daga nan sai jarrabawar JAMB. Karatun digiri shekara 4 ne, rabi a aji, rabi a ɗakin gwaje-gwaje da daji da bakin rafi.

Gaskiya ita ce, wanda ya gama bai zama likita ba, kuma aiki ba ya zuwa da sauƙi. Wasu suna koyarwa, wasu suna aikin bincike ko na kamfanonin iri, wasu kuma suna ƙara karatu. Makarantun karkara kuwa suna kukan rashin malaman kimiyya.

Idan ɗanka ko 'yarka na gab da gama ƙaramar sakandare, je ka ga shugaban makaranta. Ka tambaye shi ko akwai ajin kimiyya, da malamin Bayoloji, da ɗakin gwaji. In babu, ku nemi makaranta mafi kusa da take da su tun kafin a raba azuzuwa.