YAUTAI IRI BIYU NE A GONAKINMU

Manoman ƙasar Daura, daga Zango har Ɓaure, kowa ya san yautai, mai sauka gabanka da magariba, in ka matsa ya tashi ya ƙara gaba. To, iri biyu muka fi gani.

Akwai mai tuta. Lokacin barbara namijin ya kan fid da dogon gashi guda a kowane fiffike, wajen inci 15, tsirara kamar tsinke, sai can ƙarshe ya yi faɗi. In ya tashi sai ka ce waɗansu 'yan tsuntsaye biyu ke binsa. A kudu ya fi yin ƙwai, sa'an nan ya hauro wajenmu da damina, galibi tutar ta zube. Kukansa siriri ne kamar na gyare.

Ɗayan kuwa doguwar wutsiya gare shi, da fari a maƙogwaro da fiffike, kukansa gurrr, ba tsayawa. Shi ke yin ƙwai a nan da damina, guda 2, bisa ƙasa, ba sheƙa. Wanda ya tarar da su wajen noma ya kewaye, ya kuma kwaɓi yara masu danƙo. Ana ce masa mugun tsuntsu, amma ba ya taɓa gero ko dawa. Ƙwari ya ke kamawa da dare, har da shinge.