Bitar Maƙala: Tartibi Kafin Ado

A cikin shekarun da na shafe ina duba maƙalu da kundayen ɗalibai a fannin harshe da adabi, na lura cewa idan aka mayar wa ɗalibi aikinsa aka ce ya je ya yi bita, galibi abin da yake fahimta shi ne ya sanya ƙugiya inda ta faɗi, ya gyara waƙafi da aya, ya sauya wata kalma da wadda ta fi ta armashi, sannan ya dawo yana zaton ya sauke nauyi, alhali kuwa illar da ta hana a fahimce shi tana nan daram. Wannan daidai yake da mutumin da ya duƙufa wajen yaɓe da zanen bango, bai tsaya ya duba ko tubalin ya hau kan ɗan'uwansa ba.

Bita tana da tartibi, kuma farkonta shi ne marubuci ya tambayi kansa ko zai iya faɗin da'awarsa a jimla guda. Wanda ya ce maƙalarsa a kan waƙoƙin fada take, maudu'i kawai ya ambata. Wanda kuwa ya ce yana son ya tabbatar da cewa zambo a waƙar fada hanya ce ta ɗaukaka sarki ta fuskar ƙasƙantar da abokin hamayyarsa, shi ne ya zo da da'awar da za a nemi hujjarta. Idan wannan ta samu, sai ya bi sakin layi ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta manufar kowanne a gefen takarda cikin 'yan kalmomi, sa'an nan ya karanta waɗannan taƙaitattun bayanai su kaɗai daga muƙaddima zuwa kammalawa. A nan ne maimaici yake bayyana, da sakin layin da ya ɗauko manufa biyu, da natijar da ta riga hujjarta zuwa, da kuma bayanin da aka sha wahalar samowa amma ba ya yi wa da'awar hidimar komai, wanda wajibi ne a cire shi ko da zuciya ba ta so.

Bayan haka sai a dubi mahaɗai. Malaman balaga, tun daga Abdulƙahir Al-Jurjani a ƙarni na biyar na Hijira, sun ba babin faslu da waslu, wato sanin inda ake haɗa jimloli da inda ake raba su, matsayi babba, kuma duk wanda ya karanta Jauharul Maknun na Akhdari a zaure ya ratsa ta wannan babi. Sau da yawa nakan ga an rubuta "saboda haka" a inda jimlar farko ba ta haifi ta biyu ba, ko "amma" a inda babu saɓani, ko kuwa a jera "har ila yau" a kan kowane sakin layi domin a rufe rashin munasaba. Kowace mahaɗa alkawari ce ga mai karatu, don haka a tsaya a kanta a tambaya ko an cika shi.

Daga nan sai jimla. Lamiri yana da saurin jawo shubuha, domin idan aka rubuta cewa makaɗi ya je wurin sarki sai ya ce ya ji daɗi, ba a san mai faɗa ba, ba a san mai jin daɗin ba. Maganinsa a maimaita suna. Haka kuma isɗilahi: wanda ya kira abu jigo a babi na biyu, kada ya kira shi saƙo a na uku da niyyar ƙawata zance, domin mai karatu zai ɗauka abubuwa biyu ake nufi. Sai an gama duk wannan ne ake komawa ga ƙa'idojin rubutu, a bambance "a kan" da "akan", a daidaita manazarta.

Kada ɗalibi ya ɗauki sake rubutu a matsayin naƙasa, domin Imamu Shafi'i, Allah ya yi masa rahama, ya sake rubuta Risalarsa bayan komawarsa Masar, kuma wannan ta biyun ce ta iso gare mu. Shawarata ita ce a ajiye aikin na 'yan kwanaki kafin a fara bita, a karanta shi da murya a bayyane, sa'an nan a miƙa shi ga wanda ba ɗan fannin ba, a roƙe shi ya faɗi abin da ya fahimta. Idan abin da ya faɗa ya saɓa wa abin da aka nufa, to kada a yi masa bayani da baka, a koma ga takarda a gyara, domin ranar da mai jarrabawa zai karanta, marubuci ba ya kusa balle ya yi sharhi.